Saiwar da Ba a Zana Ba

Shugaban makaranta ya ce in kwashe ɗakin,
kujeru sun iso daga Dutse, babu wurin ajiyewa.
Kwaɗon ya yi tsatsa. Na ɗiga masa man gyaɗa,
na lallashe shi kamar jaki a bakin gulbi
har ya yarda da buɗewa.

Wari ya fara gaishe ni:
tsohuwar takarda, kashin jemage, kananzir.
Ga kwalabe a jere bisa katako.
Kasa ta naɗe cikin ruwan da ya koma launin shayi,
gaiwa ta wangame baki, shekara talatin
tana shirin wata magana, ta kasa furtawa.
Malam-buɗe-littafi, an soke shi da allura,
ya buɗe shafi guda ya tsaya a nan,
babu ranar rufewa.

Ni ne yaron da ke bin Malam Barau da buhu
daga Marma har fadamar Baturiya.
Shi da fensir a bayan kunne, wando a naɗe,
ni da lauje da ƙaya a tafin ƙafa.
Mutane na cewa karatu ya taɓa shi:
wa ke gaida ciyawa,
wa ke auna ganyen sabara da ma'auni
kamar mai yanka wa ango riga?
Shi dai sai ya ce, “Tambai, riƙe min nan,
kada inuwarka ta faɗo kan furen.”

Na ɗaga littafin, gara ta ci gefensa.
Ga bado, fari tas, da digon ruwa a kunnensa.
Ga taura, ga tsada, ga ƙirya mai taurin kai,
ga gwandar daji an tsaga ta biyu
har 'ya'yan ana iya ƙirgawa.
Rabinsu in ka nema yau a dajinmu
sai dai ka samu gawayi a buhu a bakin titi,
kachala kuwa ta shanye gulbin
inda kwalekwale ke wucewa.

Wata 'yar aji biyu, Gambo, ta leƙo.
Ta ga gashin gauraka a cikin gilashi,
ta ce, “Baba maigadi, na roba ne?”
Na buɗe baki in yi mata kukan gauraka,
muryar ta maƙale. Na yi tari na bari.
Ta sa yatsa a ƙasan wani shafi tana haɗa baƙi,
ni da boko sai kallo:
“Wanda ya tsinko: Tambai, ɗan Sarkin Ruwa.”
Ta juya, ga shi. Ta sake juyawa, ga shi.
Ashe shekara talatin ina gadin sunana
ban san yana ciki yana kwana ba.

Shafin ƙarshe rabi ne.
Ganye uku, fure shuɗi kamar an tsoma a baba,
kara ya gangaro, ya gangaro, sai farar takarda.
Na tuna ranar. Ya ce in tono ta da saiwarta,
na yi gaggawa don hadari ya haɗo,
na fizga, ta tsinke a hannuna.
Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ba na zana abin da ban gani ba.
Ma dawo da kaka.”
Da kaka muka kai shi makwanci.

Kwalaben na bar wa malamin kimiyya,
ya karɓa yana toshe hanci.
Littafin na sa a cikin riga.

Gobe Asabar, babu makaranta.
Gambo ta ce tana da fensir.
Na san tudun, bayan kukar da aradu ta raba,
in masu gona ba su kai can ba.
Wannan karon da hannu zan tona, a hankali,
ko ruwa zai sauko ya sauko.